Musa da Mahmudu: Jigon Abota da Sake Saduwa a Magana Jari Ce

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna duban Magana Jari Ce ta fuskar tushen labaranta, wato waɗanne ne Alhaji Abubakar Imam ya ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya, waɗanne ne kuma daga tatsuniyoyin Turai da Indiya. Wannan nazari yana da amfani, amma a ganinmu ya sa an yi sakaci da abin da ke riƙe da mai karatu, har ya sa da ya rufe littafi na ɗaya sai ya nemi na biyu. Wannan ɗan sharhi zai dubi wannan abu, wato jigon abota da sake saduwa, da yadda ya kasance a cigaban labarin.

Imam ya rubuta littattafan uku a Zariya a 1936, tare da taimakon Rupert East na Hukumar Talifi, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Ginshiƙin littafi na ɗaya shi ne shaƙuwar Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da Mahmudu, jikan Sarkin, waɗanda suka tashi tare tamkar tagwaye. Yaƙi da Sarkin Sinari ne ya raba su: Mahmudu ya tafi fagen fama, aka bar Musa a gida, ga kuma Waziri yana haƙon ransa. Kullum dare begen abokinsa sai ya sa Musa ya yi shirin fita, shi kuwa aku sai ya ɗauke masa hankali da labari har gari ya waye. Abin lura a nan shi ne, abotar ce kanta ta zama haɗari. Da Musa bai damu da Mahmudu ba, da tarkon Waziri bai sami abin kamawa ba, da kuma aku bai sami dalilin buɗe baki ba. Saboda haka kowane labari a littafi na ɗaya yana ɗauke da nauyin rai, ko da kuwa labarin ban dariya ne. Idan aku ya gaza dare ɗaya, Musa ya halaka.

A littafi na biyu wannan nauyi ya kau. An gama yaƙi, abokai sun sadu, asirin Waziri ya tonu, aku ya sami wazirci. Abin da ya maye gurbi shi ne gasar labari tsakanin aku da takwaransa Haziƙ, a na uku kuwa aku ne ke horar da ɗansa Fasih. Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba: ta fuskar zubi da tsari, na biyu bai kai na ɗaya ba. Gasa ba ta kai ceton rai sa zuciya ɗar-ɗar ba, kuma Musa da Mahmudu, waɗanda muka sha fargaba dominsu, sun koma gefe, ba su ne ke jan labarin ba. Marubucin bai tsaya ya nuna mana yadda abota take zama bayan rabuwa ba, alhali nan ne tambaya mai wuya take.

To, me ya sa duk da haka ake jin daɗin littafi na biyu? A fahimtarmu, saduwar da ke cikinsa tsakanin mai karatu ne da aku. Mun san muryarsa, mun san wayonsa da ɗan cika bakinsa, sai mu buɗe littafin kamar mai shiga zauren tsohon aboki. Imam ya gane haka, shi ya sa ya bar tsuntsun ya mamaye fagen.

Wannan batu yana da wata ma'ana ta daban ga mai karatu a Maiduguri. Tun daga rikicin 2009 mutane da yawa a Borno sun san abin da ake nufi da a wayi gari aboki ya ɓace, ba labari. A unguwar Bulunkutu ma aka kafa cibiyar da aka riƙa ajiye yara da mata da rikicin ya rutsa da su, kafin a sada su da danginsu. Wanda ya ga irin wannan saduwa ya san ba ta zuwa da sauƙin da ta zo wa Musa da Mahmudu: wanda ya dawo ba lalle ne ya zama wanda ya tafi ba, wanda aka bari a gida shi ma ya sauya. Ba laifin Imam ba ne, don yaran makaranta na zamaninsa ya rubuta. Amma ɗalibanmu masu sha'awar ƙaga labari, waɗanda wasunsu daga Bulunkutu suke zuwa aji, suna da abin da za su ɗora daga inda ya tsaya, wato daren farko bayan Mahmudu ya sauka daga kan doki, an watse, ya rage daga shi sai Musa.