Jinjina ga San Antonio Spurs ta 2014

Ƙungiyar San Antonio Spurs, wadda a shekarar 2014 ta lashe kofin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, ta cancanci jinjina saboda yadda 'yan wasanta na ƙasashe daban-daban suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A ƙarƙashin mai horarwa Gregg Popovich, Tony Parker da Boris Diaw na Faransa, da Manu Ginobili na Ajantina, da Patty Mills na Ostareliya, sun haɗu da Tim Duncan, suka gina wasansu kan miƙa ƙwallo cikin sauri daga hannu zuwa hannu, har sai ta isa ga wanda abokan hamayya suka bari babu mai tsaronsa. Ginobili kuwa, duk da zinaren da ya ci a gasar Olimfik ta 2004, ya amince ya riƙa shigowa daga benci domin amfanin ƙungiya. Da wannan tarbiyya suka doke ƙungiyar Miami Heat a wasanni huɗu cikin biyar, shekara guda bayan ta kayar da su, suka ɗauki kofinsu na biyar.