Fim ɗin da Ya Nuna Hannu: Kariya ga Finafinan Tsira a Daji

Akwai hukuncin da ake yanke wa finafinan tsira a daji tun ba a zauna an kalle su ba. Wai finafinan ban tsoro ne kawai, an cire aljani an sa beyar ko zaki a gurbinsa, saboda haka yaro ba abin da zai kwasa a ciki sai jini da ihu. Masu wannan magana sukan kafa hujja da The Revenant na 2015, inda beyar ta yi kaca-kaca da Leonardo DiCaprio, daga baya kuma ya farke cikin mataccen doki ya shige don gudun sanyi. A nan ba mu da jayayya. Ba mai hankalin da zai zaunar da ɗan shekara goma gaban wannan. Amma a yi wa salon gaba ɗaya kuɗin goro saboda fim ɗaya, wannan ragwancin nazari ne.

Salon ya girmi sinima. A 1719 Daniel Defoe ya fitar da Robinson Crusoe, wanda ake dangantawa da labarin Alexander Selkirk, matuƙin jirgin ruwan da ya yi fiye da shekara huɗu shi kaɗai a wani tsibiri da ke gaɓar Chile. Jack London ya kai labarin cikin ƙanƙara. Da fim ya karɓa sai ya riƙa sauya filin daga: hamada a The Flight of the Phoenix na 1965, tsaunukan Andes a Alive na 1993, tsibiri a Cast Away na 2000, kwazazzabon Utah a 127 Hours na 2010. Ƙashin bayan bai taɓa canzawa ba: mutum, ɗan abin da ya rage a aljihunsa, da wurin da bai damu da ko ya rayu ko ya mutu ba.

Iyaye da yawa sun miƙa wuya ga tambarin shekaru, sai dai ya kamata a san abin da yake aunawa. Tsarin Amurka ya fara aiki a 1968, aka ƙara matakin PG-13 a 1984 bayan ƙorafin iyaye kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom. Matakin R na nufin wanda bai kai 17 ba sai da babba. Masu tacewar suna duba jini, tsiraici, ƙwaya da ashar, har akwai ashar ɗin da maimaita ta kaɗai kan iya ɗaga fim daga wannan mataki zuwa wancan. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma ƙidaya ce. Ba ta faɗa maka irin tsoron da yaro zai kwana da shi, kuma a finafinan daji wannan ita ce tambayar.

Ni ma'aunina a hannu yake. Fim ɗin tsira na ƙwarai yana tsayar da kyamara a kan hannun jarumi yana aiki, ya bar mai kallo ya ga matakin farko, na biyu, da inda abin ya ƙi. Wanda ba na ƙwarai ba yana yanke wannan ya ruga wajen haƙoran dabba. Ban san fim ɗin da ya riƙe wannan dabara kamar Arctic na 2018 ba, wanda Joe Penna, ɗan asalin Brazil da ya fara suna a YouTube, ya shirya a Aisland, Mads Mikkelsen na Denmak ya fito a matsayin Overgård.

Dubi yadda ya buɗe. Ba a nuna faɗuwar jirginsa ba, ba a nuna mata da 'ya'yan da ke jira a gida ba. Wani mutum ne cikin jar rigar sanyi yana ta haƙa a ƙanƙara, yana kwashe ta har baƙin dutsen ƙasa ya fito. Ba mu san abin da yake yi ba. Sai agogon hannunsa ya yi ƙara, ya tattara ya tafi, kyamara ta ɗaga sama, mu ga ashe manyan haruffan SOS yake gyarawa. Darakta ya fara ba mu wahalar, ya jinkirta ma'anar, kuma da wannan jinkiri ya koya wa mai kallo yadda ake kallon fim ɗin: ka zuba ido kan abin da mutumin nan yake yi, dalilin zai zo.

Daga nan agogon ne ke jan ragamar labarin. Ya yi ƙara, Overgård ya je ya duba fatsar da ya zura a ramukan ƙanƙara. Ya kama kifi, ya ci wani ɗanye, ya adana saura. Ya sake ƙara, ya hau tudu ya zauna yana murɗa na'urar neman agaji da hannu, ya yi alama a taswirarsa cewa nan ma an gwada. Ya biya wajen wani tarin duwatsu da muka fahimci kabari ne, ba tare da an ce mana ko na wane ne ba. Mintoci suna wucewa ba a furta kalma ba. Masu cewa wannan zai gundiri yaro ba su taɓa lura da yaron da ya tsaya bakin maƙera ba. Yana iya yin sa'a guda a tsaye, ba mai yi masa bayani, don kawai yana ganin ƙarfe na sauya kama a hannun wani. Abin da ke gundirar yaro shi ne manya suna ta magana a kan abin da bai gani ba.

Amfanin duk wannan yana fitowa ne lokacin da tsoro ya zo. Tun da wuri an nuna farar beyar ta fasa ma'ajiyar kifinsa. Saboda haka sa'ad da ya dafa kifi a cikin kogo, ƙamshi ya fita, beyar ta zuro kai, yaron da ke kallo ya riga ya san dalilin zuwanta: yunwa ce, ba mugunta ba. Ya kuma san cewa sandunan wutar neman agaji kaɗan ne, domin ya ga yadda ake tattalinsu. Da Overgård ya kunna ɗaya ya kore ta, yaron zai ji sanyi a ransa, ya kuma ji zafin asarar a lokaci guda. Tsoro ne mai sanadi, mai magani, mai farashi. Irin wannan yaro na iya ɗauka ya juya shi a kansa ya ajiye. Wanda ke hana barci shi ne wanda ke faɗowa daga duhu ba dalili, ba kuma abin da wani zai iya yi a kai.

Fitowar da na fi so ita ce ta tudu. Jirgi mai saukar ungulu da ya zo ceto ya faɗi, matuƙin ya mutu, wata matashiya ta tsira da mummunan rauni a ciki. Overgård ya ɗaure ta a kan abin jan kaya, ya nufi wata tasha da ya gani a taswirar da ya samu a jirgin. A hanya suka ci karo da hawa mai tsayi. Shi kaɗai ya haye ba wuya, har ya hango shimfiɗaɗɗiyar hanya a gaba. Sai ya koma ya ɗaura igiya ya ja. Ta sulluɓe. Ya sake. Ta sake sulluɓewa. Penna bai saka kiɗan jarumta ba, bai ba shi wani ƙarfin da ya zo daga sama a gwaji na ƙarshe ba. Mutumin ya gaza, ya buɗe taswira, ya zaɓi doguwar hanya da za ta ƙara musu kwanaki. Finafinai nawa ne ke nuna wa yaro babba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abin ya ƙi, bai fasa komai ba, bai zagi kowa ba, ya sake lissafi? Haƙuri a nan ba wa'azi ba ne, aiki ne da ake gani da ido.

Sa wannan kusa da The Grey na 2011, inda kyarketai ke bin Liam Neeson da abokan aikinsa a Alaska suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar masu ramuwar gayya, alhali kyarkeci bai cika far wa mutum ba. Wasu manazarta na yabon falsafarsa a kan mutuwa. Su sha yabonsu, amma ba abin da hannu ke iya yi a fim ɗin, kuma wannan ya sa ya zama ainihin abin da masu suka ke zargi. Beast na 2022 ya fi ba ni haushi, don ya fara da dalili mai kyau, zakin da mafarauta suka kashe wa dangi a Afirka ta Kudu, ya ƙare da Idris Elba yana kokawa da shi. Akwai 'yan mata biyu a cikin labarin, amma hakan bai mai da shi na yara ba.

The Edge na 1997 yana tsakiya. Anthony Hopkins ya goga ɗan ƙarfen maƙale takarda, ya ɗora a kan ganye cikin ruwa ya yi kamfas, shi da abokan tafiyarsa suka bi shi suka yi ta tafiya, sai ga su a inda suka taso. Ilimin littafi ya ci amanarsu, kuma fim ɗin bai ɓoye ba. Wannan fitowa kaɗai ta isa darasi. Sai dai rabin labarin cin amanar aure ne da niyyar kisa, ga ashar, ga mutuwar ɗaya daga cikinsu a hannun beyar. A bar shi sai an kai sha shida ko sha bakwai.

Kada a ɗauka batun hannu ƙawa ce ta masu fim. A Disambar 1971 jirgi ya tarwatse a sararin dajin Peru, Juliane Koepcke mai shekara 17 ta rage ita kaɗai. Ta bi ƙorama saboda mahaifinta, masanin halittu, ya koya mata cewa ruwa na kai mutum ga mutane, kuma haka ta fita bayan kwana 11. A 2023 yara huɗu 'yan gida ɗaya suka yi kwana 40 a dajin Amazon na Kolombiya bayan faɗuwar ƙaramin jirgi, babbarsu shekararta 13, sun rayu da garin rogo da 'ya'yan itatuwan da suka sani tun a gida. Ba ina cewa fim zai koya wa yaro tsira ba. Ina cewa fim ɗin da ya nuna sani da natsuwa ne ke ceto, shi ya faɗi gaskiya, wanda ya nuna ƙarfin damtse kuwa ƙarya ya yi.

Arctic ma yana da nauyinsa, kuma ba a raunin da ake ɗinkewa yake ba, duk da shi da 'yar ashar ne suka jawo masa PG-13. Nauyin yana wajen da Overgård ya ga matar ta yi nisa, ya bar ta a kwance da hoton iyalinta, ya tafi shi kaɗai. Ya faɗa rami, dutse ya danne masa ƙafa, ya fizge ta da ƙyar, ya rarrafo ya tarar tana numfashi, ya fashe da kuka yana ba ta haƙuri. Ɗan shekara bakwai ba zai iya da ganin mutumin kirki ya yi haka ba. Ɗan sha biyu zai iya, har ma zai yi tambayar da ta dace, wato me ya sa tun farko ya bar mafakarsa da kifinsa saboda wadda bai san ta ba. A ganina duk salon a kan wannan tambaya yake tsaye. Kafin zuwan matar, Overgård jira kawai yake yi. Da ya sami wadda zai ɗauka ne ya tashi.

A garuruwanmu yawancin irin waɗannan finafinai a shagon masu tura fim a waya yara ke samunsu, inda ba kwali balle tambari, sai sunan jarumi da wanda abokai suka ce ya yi zafi. Hukumar tacewa ba ta shiga katin waya, don haka tacewar ta koma hannun na gida. Shawarata ga uba ko uwa ko yaya: ku kalli minti goma sha biyar na farko kafin ku miƙa. In kun ga mutum yana aiki da hannunsa kuma kun gane abin da yake nema, ku zauna tare da yaron ku ƙarasa. In dabbar ce tauraruwa, ku goge. Arctic ya dace da ɗan sha biyu zuwa sama idan akwai babba a gefe. The Grey da The Revenant na manya ne.