Irving Berlin: Baƙon da Amurka Ke Rera Waƙarsa

Mu da muka tashi a Zangon Kwatano mun san nauyin kalmar "baƙo", shi ya sa labarin Irving Berlin yake tsaya mini a rai. Bayahude ne, an haife shi a daular Rasha a 1888, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa New York a 1893. Turanci ba harshen gidansu ba ne. Piyano ma da ka ya koya. Amma shi ya tsara "God Bless America", shi ya tsara "White Christmas" da Bing Crosby ya rera, waƙar Kirsimeti daga bakin wanda ba Kirista ba.

A ganina baƙuncin ne ya wasa masa kunne. Wanda ya koyi harshe a titi, maganar mai talla da ɗan dako yake ji, ba ta littafi ba. Shi ya sa baitocinsa gajeru, babu kalmar da za ta sarƙe harshe. Ko wanda ba ya jin Turanci, sau biyu ya saurara ya kama amshi.

Inda nake da ja da masu yabonsa shi ne "Alexander's Ragtime Band" ta 1911. Ragtime kiɗan baƙar fatar Amurka ne, kuma waƙar Berlin ƙamshinsa kawai ta ɗebo, ta bar sarƙaƙiyar kiɗan. Duk da haka shi aka naɗa sarkin ragtime, alhali Scott Joplin, mai "Maple Leaf Rag", ya mutu a 1917 cikin talauci a wannan birni na New York. Berlin kuwa ya kafa kamfanin buga waƙoƙinsa, ya riƙe haƙƙin mallakarsu, ya rasu a 1989 yana da shekara 101.