Waƙar Tafiya Ta Yi Yawa, Ina Ta Komowa?

In ka taɓa kwana a Dakoro ka san yadda dare yake bayan lisha: a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, sai hira. Zamanin muna samari rediyo mai kaset guda ce a unguwa. Kowa ya zo da kaset ɗinsa cikin aljihu, wanda ya sayi batir shi ke zaɓen fari, in zare ya kwance a naɗe shi da biro. Yau salula ta kori kaset, aboki na tura wa aboki waƙa ta WhatsApp tun shayi bai nuna ba. Amma halin yana nan: abin da ya yi wa kunnenka daɗi ba ka iya riƙe shi kai kaɗai.

A irin wannan zama ne abin da zan gaya maka ya faru. Ɗaya daga cikinmu ɗan tsohon soja ne. Mahaifinsa ya yi wa Faransa yaƙi a Indoshin da Aljeriya, ya komo gida ya kama noma har Allah ya karɓi ransa. Ran nan ranar rasuwar tsohon ta zagayo. Bayan an yi masa addu'a sai muka ce kowa ya kawo waƙar soja wadda ya fi so, a saurara don tunawa da shi. Mu bakwai ne. Aka yi ta ji har shayi na uku ya ƙare. Sai ɗan marigayin ya ce, "Duka sun yi daɗi, amma ban ji babana a ciki ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na koma na sake sauraron waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, na ga gaskiya gare shi.

Ga abin da ke cikinsu. Galibinsu na lokacin yaƙin basasar Nijeriya ne, daga 1967 zuwa 1970, sa'ad da gidan rediyon Kaduna ke watsa waƙoƙin ƙarfafa wa soja zuciya, mu kuma nan ƙetaren iyaka iyayenmu na kamawa. Sauran na matasan yau ne, masu kiɗan zamani. Kada ka ɗauka kushe su nake yi. Kiɗan yana tada tsikar jiki, amshi yana faɗawa daidai, kirarin yana sa ko rago ya ji kamar ya tashi. Amma ka kasa kunne ka ji wa ake yi wa kirarin. Mai tauraro a kafaɗa ne, ko kuwa rundunar gaba ɗaya, tana kan tafiya, abokin gaba na gudu. A waƙoƙin nan soja kullum saurayi ne, kullum takalminsa sabo, bai taɓa tuɓe kaki ba. Ba wanda ya rasa ƙafa, ba wanda ke firgita cikin barci, ba wanda ya tsufa yana jiran kuɗin fansho.

Me ya kawo haka? Ba mugunta ba ce. Sana'ar roƙo haka aka gina ta. Makaɗi yana da ubangida, yana da mutane a bayansa masu ci daga kalangu ko kotso. Narambaɗa sarakuna ya yi wa, Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa masu mulki da attajirai da direbobi, Ɗan Anace ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe. Kowanensu ya duba inda ƙarfi yake ko inda kyauta take, domin waƙar yabo tana son mai amsa ta da riga ko doki ko kujerar Makka. To, tsohon soja da me zai amsa?

Nan ne tarihi ya shigo. A Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashenmu 'yanci, Faransa ta yi doka ta daskare fanshon sojojinta na ƙasashen da ta mallaka. Na Bafaranshe yana hawa shekara bayan shekara, na ɗan Afirka yana tsaye inda aka bar shi, alhali rami ɗaya suka kwanta. Sai a 2007 aka fara daidaita wani sashe, bayan fim ɗin Indigènes na 2006 ya tada ƙura, sauran kuma sai a 2011. Kafin nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya tashi a garuruwanmu ya san su: dattijo da tsohuwar kwat da lambobin yabo a ƙirji, ana fito da shi ran 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba ya tsaya a rana, in an watse ya koma gida a ƙasa. Yara na kwaikwayon faransancinsa suna dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Cikin duk abin da na sani da Hausa, wadda ta fi matsowa kusa da mutumin nan rubutacciya ce, ba ta kiɗa ba: Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu a 1958. Ya yi ta ne don tarbar sojojin da Ingila ta kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Abin da ya ɗaga ta bisa saura shi ne ba ta tsaya ga barka da zuwa ba. Malamin ya juya kan 'yancin da aka ce dominsa aka zub da jini, ya auna shi da halin da talaka ke ciki a gida. Wato ya gane cewa ranar komowa ita ce ranar bin bashi. Duk da haka, in ka lura, ita ma a bakin ƙofa ta tsaya. Ta tarbi soja, ta ɗora masa buri, amma ba ta bi shi cikin gida ta ga abin da ya same shi bayan shekara goma ba.

Wanda ya bi shi har ciki ɗan ƙasarmu ne, sai dai da majigi ya yi, ba da waƙa ba. Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, shi kansa ya yi soja a Indoshin. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a 1969, da Zabarmanci yake, kuma shi ne ya fito a matsayin sojan. Mutum ya komo da ɗan abin hannunsa, abokai da maroƙa suka yanyame shi, aka ci aka sha. Da aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki, girman da ya saba da shi a bariki ya hana shi jure wulaƙanci, daga ƙarshe ya juya wa birni baya. Ka ga, har masu yabon suna cikin labarin, kuma ba su fita da kyau ba. Minti 45 ne kawai, amma ya faɗi abin da kaset ɗari ba su faɗa ba. Ganda ya rasu a 1981.

Wani zai ce waƙa ba wurin kuka ba ce, soja ƙarfin zuciya yake so. Na yarda, ranar fita. Amma makaɗanmu sun iya ɗayan ma in sun so. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba ya da ko kwabon ba shi, kuma waƙar ta zagaye ƙasar Hausa. Ashe ba lalle sai da ubangida ba. Balle yau da mai waƙa ke samun abincinsa daga masu saurare, wato ni da kai da ke tura wa juna. In mun ci gaba da tura ta tafiya kaɗai, ita za a ci gaba da yi mana.

Kuma maganar ba ta mutanen da ba ce kawai. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, sojojinmu 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan haka, a Cinagodar, 89. Kowane ɗaya ya bar uwa ko mata ko ɗiya, kuma akwai waɗanda suka tsira da rauni suna zaune a garuruwansu. An yi musu waƙoƙi, wasu masu kyau, amma yawanci tuta da jarunta suke ambato. Ban ji wadda ta shiga gidan matar da aka bari da 'ya'ya huɗu ba.

A daren nan, da muka yi shiru, sai abokin namu ya ciro salularsa. Ashe tun tsohon na da rai wani ƙanensa ya ɗauki muryarsa a kaset, daga baya aka juye ta. Babu kiɗa, babu amshi. Dattijo ne yana rera wata 'yar waƙar maci da suka koya a bariki, rabi Bambaranci rabi faransancin soja, yana tari, yana dariya, sa'an nan ya tsaya ya lissafa sunayen abokansa biyar da garuruwansu, ya ce uku ba su komo ba. Kafin mu tashi duk mu shida mun karɓe ta a wayoyinmu. Ɗaya daga cikin garuruwan da ya ambata yana kan hanyar Kornaka, mun sa ranar da za mu je mu tambayi ko akwai sauran dangi.