Lamba 16#0008 da mai gyaran famfo

A kwarin Dallol Mawri, daga Dumega zuwa Dogon Dutsi, famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana sai ƙaruwa suke, ga kuma bututun man Agadem da ya ratsa jihar Dosso ya fita ta Gaya. Manyan injuna irin waɗannan ƙaramar kwamfutar masana'antu ce ke tada su tana tsayar da su, wato PLC, wadda ma'aikatan Nijar ke ce wa otomat. Masu rubuta mata umarni sun ɗauki wata ɗabi'a da ban yarda da ita ba: su cusa alamomi 16 cikin lamba ɗaya, sannan su riƙa tace ta a ko'ina da lambobin da ba su da suna.

Dabarar kanta ba ta da laifi. Tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, yana aika bayani ne a gidaje masu bit 16, kowane bit ko dai 0 ko 1. A na'urorin sarrafa gudun inji masu bin ƙa'idar CiA 402, bit mai lamba 3 shi ke cewa an samu matsala. Sai a haɗa abin da ya iso da 16#0008, lambar da bit 3 kaɗai ke 1 a cikinta, ta umarnin AND, kamar rariya mai huda ɗaya: komai ya tsaya, wannan bit kaɗai ya wuce. To amma ranar da famfo ya tsaya cikin zafin Afrilu, mata na layi da jarkoki, injiniyan da ya rubuta shirin yana Yamai. Mai gyaran wuta ne zai buɗe akwatin, ya iske 16#0008 tsirara, ba mai gaya masa abin da take nufi. Ga tarko kuma a na'urorin Siemens: bit na farko na gidan MW10 yana zaune ne a M11.0, ba a M10.0 ba, abin da ke ruɗa har ƙwararru.

Za a ce cusawar na rage cin ma'adana. Wannan hujjar zamanin tsofaffin na'urori ce, na yau ba su san an yi ba. Hujjar da ke da nauyi ita ce ta layin waya: inda sadarwa ke yankewa, lamba ɗaya ta fi saƙo 16 saurin isa. Na yarda. Sai dai wannan ya nuna wurin tacewa a bakin ƙofa yake, inda bayani ke shigowa ko fita. A tace sau ɗaya, a raɗa wa kowane bit suna, ruwa ya ƙare, inji ya yi zafi, tanki ya cika, sauran shirin kuma ya yi ta kiran su da sunayensu.