Hannu Biyu da Ƙafa Biyu a Cikin Huey

Abin da ya fi wahalar da mai koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu shi ne tsayar da shi cak a iska, ba gaba ba baya. A kan wannan dubban samarin Amurka suka sha gumi a sansanin Fort Wolters na jihar Teksas, kafin a wuce da su Fort Rucker, daga nan sai yaƙin Biyetnam. Da yawansu ba su wuce shekara 20 ba.

Hannun hagu yana riƙe da wata sanda mai kama da birkin hannu na mota, ana ce mata kolektif. In aka ja ta sama, fikafikan babbar farfela duk sai su ƙara cizon iska, jirgi ya ɗaga. To amma da zarar inji ya ƙara ƙarfi, gangar jirgin sai ta nemi juyawa kishiyar farfelar. Nan ƙafar hagu za ta taka feda, ƙaramar farfelar wutsiya ta tare shi. Hannun dama kuwa yana kan sayiklik, sandar da ke tsakanin gwiwoyi, wadda ke karkata jirgin duk inda ake so. Ka taɓa ɗaya, sauran sai sun nemi gyara. Sabon shiga damƙe sandar yake yi yana ta jujjuya ta. Gwani kuwa ɗora damtsensa yake a cinya, yatsu kawai ke motsi, da ƙyar ido zai gani.

A Biyetnam, jirgin da suka fi tuƙawa shi ne Bell UH-1, wanda ake kira Huey. Zafin ƙasar yana sa iska ta yi shara-shara, farfela ta rasa abin kamawa, ga majinyata an cika jirgi maƙil. Sai matuƙi ya ja shi gaba a kan ƙafafunsa na ƙarfe, yana ɗan tsalle-tsalle, har gudu ya kai wajen kilomita 30 a awa. Lokacin ne farfela ke shiga iskar da ba ta gurɓata ba, jirgi ya yi wata 'yar girgiza ya haye. A kujera matuƙi ke jin wannan girgizar, tun allurar ma'aunin gudu ba ta nuna ba.

Da aka janye sojoji a 1973, waɗanda suka bar kaki ba su zauna ƙirga lambobin yabo ba. Wasu suka shiga ɗaukar marasa lafiya, aikin da asibitin St. Anthony na Denba ya fara a 1972. Wasu suka koma jigilar ma'aikatan haƙar mai a Tekun Meksiko, suna sauka kan dandamalin da bai fi jirgin girma da yawa ba. Masu kashe gobarar daji kuwa leƙowa suke ta taga, suna kallon guga a ƙarshen doguwar igiya. In gugar ta fara lilo, sai su matsar da jirgin ya tsaya daidai kanta, lilon ya mutu, sannan su saki ruwan.