Gwanin da ke Gane Lamba Kafin Ya Raba Ta

Akwai masu lissafin da za ka ba su 4,731 ka ce ko tana rabuwa, kafin ka rufe baki sun ce 3 na raba ta. Tara alƙalumanta kawai suka yi: 4 da 7 da 3 da 1 sun ba da 15, kuma 15 na rabuwa da 3. Dalilin da ya sa dabarar ba ta kuskure shi ne 10 da 100 da 1,000 kowacce in an raba ta da 9 saura 1 take bari, don haka lamba da jimillar alƙalumanta saura iri ɗaya suke bari.

Gwanintar ta fi armashi a kan lambobi marasa rabuwa, waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Ka yi ta tara alƙaluman irin wannan lamba har su koma guda: in dai ta wuce 3, ba za ka taɓa samun 3 ko 6 ko 9 ba. Tagwayen cikinsu kuwa, masu tazarar 2 tsakaninsu, in ban da 3 da 5, hanya uku kacal gare su. 11 da 13 suna ba da 2 da 4, 41 da 43 suna ba da 5 da 7, 71 da 73 kuma 8 da 1. Gwada 2027 da 2029, za ka ga 2 da 4 sun dawo. Ninka 17 da 19 ka sami 323, wadda ke komawa 8, kuma haka duk tagwayen da suka wuce 3 da 5 suke yi.

Gwani na gaske ya san iyakar makaminsa. 91 tana komawa 1, ga ta kamar mara rabuwa, alhali 7 sau 13 ce.

A 2016, Robert Lemke Oliver da Kannan Soundararajan na Jami'ar Stanford a Amurka suka lura cewa lamba mara rabuwa ba ta cika son mai bi mata ta yi kama da ita ba. Wadda ta koma 1 ko 4 ko 7, an fi samun mai bi mata ta koma 2 ko 5 ko 8. Sun jingina bayaninsu da wani hasashe na Hardy da Littlewood da har yau ba a tabbatar da shi ba. Malaman lissafi, ku ba ɗalibai lambobi marasa rabuwa 25 da ke ƙasa da 100, ku bar su su tara da kansu.